Tambaya: da gaske akwatin ƙarfe zai iya kare waya da rediyo daga EMP?

Dan_Kwangila ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka. Don Allah masana harkar lantarki da ke cikin nan ku taimaka min da bayani. Tun abin da ya faru a Oktoban 2024 da Arewa ta yi sama da mako guda babu wuta na ce ba za a sake ritsawa da ni haka ba, sai na fara haɗa kayan ko-ta-kwana a gida kaɗan-kaɗan, ƙaramar rediyo mai batir, tocila, fawa bank, ɗan fanel ɗin sola irin mai naɗewa ɗin nan, tsohuwar Nokia mai madannai, sai filash da na zuba hotunan takardun fili da na makaranta a ciki da kuma memori mai karatun Alƙur'ani na mahaifiyata.

To kwanan nan ina ta cin karo da bidiyoyi a YouTube ana maganar wani abu EMP, wai bugu ɗaya ne idan ya zo duk abin da ke da lantarki a ciki ya mutu ko da a kashe yake, wasu su ce bam ne ke kawo shi wasu su ce rana ce, kuma wai maganinsa a saka kaya cikin abin ƙarfe a rufe. Ni dai ina da akwatin ƙarfe irin na ƴan makarantar kwana da aka ƙera a Sabon Gari yana nan ajiye, shin ya isa ko sai na sayi wani abu na musamman? Kuma sai an haɗa masa atin, wato wayar da ake jonawa da ƙarfen da aka binne a ƙasa? Wani abokina ya ce tsohon maikirowef ya fi, wani kuma ya ce mu ƴan Zariya mu ne ma a gaba wajen haɗari saboda nukiliyar da ke Samaru. Gaskiya abin ya ɗaure min kai, a taimaka, nagode.

Injiniya_Samaru ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka tana da kyau, matsalar bidiyoyin nan suna haɗa abubuwa daban-daban su zuba a tukunya ɗaya shi ya sa mutum ke rikicewa.

Mu fara da rana. Rana takan watso wata irin guguwa, idan ta daki maganaɗisun duniya sai ya yi ta motsi, wannan motsin ne ke tura lantarki cikin dogayen wayoyi, ina nufin masu tsawon ɗaruruwan kilomita irin manyan layukan wuta. A Satumban 1859 an yi babba, lokacin wayar tangarahu ce kawai a duniya, ma'aikata suka riƙa jin wuta na jansu har takardu suka kama da wuta a wasu ofisoshi. Ranar 13 ga Maris 1989 wata ta kifar da wutar lardin Kwibek a Kanada, mutum kusan miliyan 6 suka yi wajen awa 9 a duhu. Kuma kar a ce sai ƙasashen sanyi, ta Oktoban 2003 ta lalata manyan taransifomomi a Afirka ta Kudu. Amma lura da abin da take ci, taransifoma da dogon layi. Wayar da ke aljihunka ba ta da tsawon da guguwar rana za ta kama. A Mayun 2024 an yi wata mai ƙarfi sosai irin wadda aka yi shekara 20 ba a gani ba, duk muna nan Zariya muna ta danna wayoyinmu babu wanda tasa ta ƙone, manoman Amurka ne suka koka GPS ɗin taraktocinsu ya rikice a daidai lokacin shuka. Saboda haka idan rana ce damuwarka akwati ba shi da aikin yi, abin da za ta jawo maka rashin wuta ne na dogon lokaci, kuma kayan da ka lissafa su ne daidai shirinsa.

Wanda ake yi wa akwati shi ne na bam ɗin nukiliya da aka tayar can sama sosai. Amurka ta gwada ranar 9 ga Yuli 1962 a tekun Fasifik, sun kira gwajin Starfish Prime, nisan kilomita 400 daga ƙasa. A Hawayi da ke nesa da wurin da sama da kilomita 1,400 fitilun titi kusan 300 suka mutu, ƙararrawar ɓarayi ta riƙa tashi da kanta. Yadda abin yake, hasken gama (wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani) da ke fita daga bam ɗin yana fizge ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, daga iskar sama, maganaɗisun duniya ya murɗa su gaba ɗaya lokaci guda, sai su sako bugun lantarki zuwa ƙasa. Kashi uku ne yake zuwa. Na farko da ake kira E1 shi ne mugun, yana tashi cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba kuma zai iya kai bolt 50,000 a kowace mita, saurinsa ya fi ƙarfin irin na'urorin kariya da muke sawa a soket, kafin su farga ya wuce. Na biyu kusan irin tsawa ne. Na uku yana jan lokaci kamar guguwar rana, shi ma taransifoma yake nema.

To ko a nan ɗin ma, ba kowane abu ne zai mutu ba kamar yadda masu bidiyo ke faɗa. Bugun ta waya yake shiga, duk wayar da ke jone da na'ura ta zame masa eriya, caja, wayar iyafis, eriyar rediyo da aka zaro, wayar da ta sauko daga fanel. Ƙaramin abu da yake a kashe babu komai jone da shi yana da damar tsira sosai ko babu akwati. Akwatin ƙarin tabbaci ne, kuma tunda kusan kyauta ne ni ban ga laifin yinsa ba.

Dabarar tsohuwa ce, wani Bature ɗan Ingila Michael Faraday ne ya nuna ta a 1836 shi ya sa ake cewa kejin Faraday. Idan ƙarfe ya kewaye abu ta ko'ina lantarkin da ya zo daga waje a jikin ƙarfen yake yawo ba ya shiga ciki. Ka tambayi ƴan kwalejin jiragen sama da ke Palladan, tsawa na faɗa wa jirgi a sama ta bi jikinsa ta fice fasinja na zaune lafiya. Sharaɗin kawai ƙarfen ya haɗu ta ko'ina, murfi ya taɓa jiki ƙarfe da ƙarfe, kar wata waya ta fito daga ciki, kuma kayan kar su taɓa bangon akwatin. Atin ba dole ba ne ga ƙaramin akwati, ni ma sai in ce ka bar shi, don doguwar wayar atin ɗin kanta za ta iya kwaso maka abin da kake gudu ta kawo shi jikin akwatin.

Maganar Samaru kuwa ka kwantar da hankalinka. Na'urar da ke cibiyar binciken makamashi ta ABU ƴar ƙarama ce ta bincike, ƙarfinta wajen kilowat 30, tun 2004 take aiki ana auna ma'adinai da ƙasa da ita. Ba bam ba ce kuma ba ta da hanyar da za ta haifar da EMP.

Baba_MaiRediyo_TudunWada ya rubuta:

Salamu alaikum. Injiniya Allah ya ƙara sani, ka yi bayani. Ni ban yi boko mai zurfi ba amma tun zamanin rediyo mai bawul nake buɗe cikin kayan wuta, to bari in faɗa ma yaron nan abin da idona ke gani a kan tebur na.

Ɗana, abin da ke cinye kayan mutane a garin nan tsawa ne da wutan da ake kawowa da ƙarfi. Da zaran ruwan farko ya fara sauka wajen Afrilu zuwa Mayu da iskan nan da walƙiya, shago na cika yake yi, dikoda, talabijin, inbata, caja kuwa ba a magana. Kwanaki aka kawo mani inbata daga wani gida a Gyallesu, ina kwance murfin wari ya buge ni, gefen da wayan sola ke shiga ya yi baƙi ƙirin, layin tagulla na kan bod ɗin ya tashi ya nannaɗe, kafasita ɗaya ya fashe takardan cikinshi ya watsu ko'ina. Mai gidan yana ta rantsuwa tsawan bai faɗo a gidanshi ba, kuma gaskiyanshi ne, ba sai ya faɗo a kanka ba, ya faɗi a unguwa kawai ya isa, wayan da ya taho daga kan kwano shi zai kwaso ya kawo maka har ɗaki. Ka ga maganan Injiniya kenan, ta waya abin ke shiga.

Na biyun shi ne nutural, wayan da wuta ke komawa ta cikinshi, ya tsinke a kan fol ko a taransifoma, ko ɓarayi su yanke shi. Wutan da ya kamata ya zo 230 sai ya haura ya doshi 400, ƙwan fitila ya yi wani irin haske fau ya mutu, fanka ya riƙa gudu kamar zai tashi, kafin ka kai ga mita an gama. Sitabilaiza baya iya ma wannan kuma baya iya ma tsawa, shi aikinshi wuta ya ɗan yi ƙasa ko ya ɗan yi sama. Ka nemi ɗan abin nan da ke yanke wuta da kanshi in ya wuce ƙima, irin wanda ake sa ma firij, akwai babba da ake ɗaurawa kusa da cenjoba ya tsare gidan duka. In hadari ya haɗu kuma ka tashi ka zare komai daga bango, kashe suwic kaɗai bai isa ba, ka zare har wayan dish da na eriya.

Akwatinka kuma, zai yi amma ba yadda yake ba. Akwatunan nan maƙera fenti suke labta masu ciki da waje har bakin murfi, to fenti baya ɗaukan wuta, kana ganin ya rufu alhali murfi daban jiki daban. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka sa samfefa ka goge bakin akwatin da cikin leɓen murfin har ƙarfen ya fito yana ƙyalli, ka ninka foyil irin na gashin kifi ka shimfiɗa a bakin zagaye yadda in ka danna murfin zai matse shi. Ciki ka yanka kwali ka liƙa ƙasa da gefe da sama. Kowane kaya ka sa shi a leda ko tsumma tukuna, ka naɗe da foyil ba tare da ka bar ƙofa ba, ka sake sa leda, sannan ya shiga akwati. In ka samu mai gyara kusa da kai ka ce ya ɗora maka mita, tsinke ɗaya a murfi ɗaya a jiki, in ya yi ƙara sun haɗu.

Maman_Ilham ta rubuta:

Slm, sannunku da ƙoƙari, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni tambayata ta ɓangarenmu ce, muna da langa da samira jibge a kabet tun na aure ba abin da ake da su, ga kuma manyan tukwanen alminiyam da kuloli, a cikinsu wanne zai yi? Don ni ba zan iya zuwa neman akwati ba.

Sannan ina so in ƙara wa mai tambaya wani abu, wlh ajiye waya lafiya ba shi ne samun magana ba. A 2021 da aka rufe sabis a Zamfara da wasu sassan jihar nan ta Kaduna ina da ƴar'uwa da ke aure can, wayarta lafiya lau ga caji amma sai dai ta ba direba saƙo a takarda ya kawo mana tasha, rediyo ce kawai ke gaya musu abin da duniya ke ciki. Haka a Maris ɗin 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke taransifa ta riƙa maƙalewa, ga abin da muka gani farkon 2023 lokacin canjin kuɗi kana da kuɗi a banki ba ka da na cefane. To idan har wannan EMP ɗin ya zo ya kashe turakun sabis ai wayar da aka ɓoye sai dai tocila da sauraron karatu. Ni a ganina a sa ɗan littafi a cikin kayan a rubuta lambobin ƴan'uwa da biro, a yi hoton takardu a kan takarda ba a filash kaɗai ba, a ajiye ƴan canji a hannu. Kuma a cire batir daga cikin rediyo kafin a ajiye, tamu haka ta lalace batirin ya zubo wani farin gari ya cinye sifirin ɗin gaba ɗaya.

Abba_PZ ya rubuta:

Ni fa gsky ban ga amfanin wannan wahalar ba. Waye zai kashe makudan kudi ya harbo nukiliya saman Najeriya, me zai samu? Masu bidiyon nan yan Amurka ne kuma yawancinsu jakar da wai ke kare kaya daga EMP suke sayarwa, ka duba kasan bidiyon zaka ga inda zaka danna ka saya. In ma har duniya ta kai ga ana harba nukiliya ai maganar ruwan sha da abinci ake ba maganar Nokia ba. Yaya Dan_Kwangila ka dauki shawarar Baba ta zare soket da na'urar yanke wuta ka bar sauran, kudin foyil din ka kara ka sayi batir.

Injiniya_Samaru ya rubuta:

Abba ƙanina rabin maganarka na yarda da ita, yiwuwar abin a nan ƙarama ce ƙwarai kuma da yawan masu bidiyon kasuwa suke ci da tsoron mutane, duk wanda zai sayi jaka mai tsada daga waje saboda wannan ni zan hana shi. Inda muka rabu shi ne, mutumin nan ya riga yana da kayan kuma dole ya ajiye su a wani wuri, to ajiye su a akwatin da ya rufu da kyau me ya rage shi? Yana tsare su daga ƙurar hunturu da ɓera da hannun yara, kuma babban abin shi ne kayan da ke cikin akwati ba sa jone da bango ranar da abin da Baba ya faɗa zai faru. Wanda yake da rediyo da tocila da waya na ajiya daban da na yau da kullum ya riga ya wuce yawancinmu.

Hajiya langa da samira ba za su yi ba yadda suke, wannan santsin mai fure da ke jikinsu kamar gilas yake, murfi ba ya taɓa ƙarfe. Kula kuma murfinta roba ne. Tukunyar alminiyam ita ce daidai in murfinta na zama sosai, ki sa kwali a ciki, ki rufe, ki zagaye bakin da foyil ki ɗaure tam. Ga ƙananan abubuwa irin memori da filash da ƙaramar waya gwangwanin Milo mai murfin ƙarfe da ake dannawa ya wadatar, amma ban da gwangwanin madara mai murfin roba. Kuma abin da za ki fi lura da shi doguwar tsaga ce a bakin murfi ko siririya ce, ta fi ƙananan huji illa.

Maikirowef ban ba da shawara ba. An ƙera ƙofarsa ne ta tare zangon igiyar rediyo ɗaya tak wanda yake dafa abinci da shi, gigahaz 2.45, sauran zangon suna iya zurarawa, shi ya sa sau da yawa in ka sa waya a ciki ka kira sai ta yi ƙara. Ga igiyarsa a waje, ga haɗarin wani ya jona ya kunna da kayanka a ciki.

Gwaji kuma mai sauƙi ne. Kamo tashar FM da ke fita tangaram, ƙure murya, sa rediyon a ciki ka rufe, in maganar ta ɓace ta koma shuuu to da kyau. Sannan ka sa waya ka jira kamar minti ɗaya ka kira ta da wata. In aka ce ba a samunta alama ce mai kyau, in ta shiga akwai inda ke yoyo, duk da cewa waya kunnenta na da kaifi sosai musamman in turken sabis na kusa da gidanka, shigar kira ba ya nufin akwatin bai rage komai ba. Wannan gwajin gida ne, ba zai ba ka tabbacin da ɗakin gwaji zai bayar ba, amma yana nuna maka inda aikin bai yi ba.

Abin da na fi jin tsoro a akwatin nan ma batir ne. Fawa bank da batirin waya lityam ne, zafi na kashe su, kar a kai akwatin cikin silin ko ɗakin da kwano ke gasawa a Maris da Afrilu, a sa shi ƙasa a wuri mai sanyi. A ajiye su da caji wajen rabi ko sama kaɗan, duk bayan wata uku zuwa shida a fito da su a duba a ƙara. Batir tsirara kar ya taɓa foyil ko bango, in bakinsa biyu suka haɗu ta ƙarfe wuta zai yi, a liƙe bakin da salatif a sa a leda daban. Wanda ya kumbura a fitar da shi daga gida gaba ɗaya. Saboda laimar Agusta kuma a tara ƴan ƙullin nan masu ƙwayoyi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko robar magani a watsa a ciki. Maganar takarda da Hajiya ta kawo ma haka take, filash da aka yi shekaru ba a jona shi ba yana iya zubar da abin da ke cikinsa shi kaɗai.

Dan_Kwangila ya rubuta:

Kai jama'a nagode sosai Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Na gwada yadda Injiniya ya ce, akwatin yadda yake rediyon ko gezau bai yi ba yana ta magana a ciki, na goge bakin da samfefa na sa foyil sai FM ya ɗauke, amma waya har yanzu tana shiga sai in na naɗe ta da foyil tukuna. Na lura ta bayan akwatin wajen ƴan maƙalan murfin akwai ɗan sarari da haske ke shiga, in na kai wa mai walda ya toshe zai yi Baba? Sannan fanel ɗin solar ya fi ƙarfin akwatin ko na naɗe shi.

Baba_MaiRediyo_TudunWada ya rubuta:

A'a ɗana kar ka kai ma mai walda, ƙarfen akwatin nan falle ne wuta na taɓa shi zai huje ya lanƙwashe murfin ya daina zama. Je wajen masu gyaran firij da AC ka ce su ba ka salatif na alminiyam irin wanda suke naɗe bututu da shi, ka goge fentin wajen da samfefa ka liƙa ta ciki da ta waje ya haye kan tsagan da kyau, in ka rufe akwatin ka sake zagaye bakin da shi. Duk ranan da ka buɗe sai ka sa sabo, saboda haka ka sayi nadi guda ka ajiye. Fanel ɗin kuma zare wayanshi ka sa wayan a akwati, shi ka sa shi a buhu ko zani ka naɗe da foyil falle biyu ko uku ka jingine bayan kabet inda ba za a ɗora mashi kaya ba. In da ɗan kwanturola a jikinshi mai cirewa ka cire ka sa a akwatin, shi ne ya fi saurin mutuwa.